Layin da Ke Ɗauke da Sunan Anti Shara

Ni akawu ne a wani kamfani da ke rubuta manhajar kwamfuta. Ban iya aikin ba, nawa takardu ne: ɗaukar bayanin taro, ajiye makullai, kula da fayil ɗin ma'aikata. Abin da zan faɗa a nan, wani na gani da idona, wani kuma matata ta ba ni, domin ƙawar mai labarin ce, gidajenmu suna kallon juna.

A ofis Anti Shara ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa riƙe tsintsiya a wurin ba. Mace ce gajeriya mai tabarau, ta haura arba'in, teburinta yana kusurwar da iskar fanka ba ta kaiwa, don ta ce fanka tana watsa mata tunani. Ta fara neman abinci ne a wani shago kusa da kotu, tana buga wa mutane takardun rantsuwa. A can ta koyi ƙin rubutu karkatacce. Wani ɗan'uwan mai shagon ya manta littafin koyon manhaja a ƙarƙashin kanta, ita kuma ta riƙa karantawa idan ba ciniki, har ta iya. Lokacin da aka kafa kamfaninmu su uku ne kawai a ɗaki ɗaya a saman wani shagon taya: ita, da Oga wanda daga baya ya zama shugaban sashen masu rubuta manhaja, da Dogo wanda a lokacin gemunsa bai gama fitowa ba. Maigidanta mai gyaran agogo ne, mutum mai magana a hankali. Suna da 'ya a makarantar koyon jinya da ɗa a sakandare.

Sai na yi ɗan bayanin yadda aikinsu yake, kamar yadda aka yi mini. Duk rubutun manhajar kamfanin yana cikin wani rumbu a babbar kwamfuta, kuma rumbun ba ya mantuwa. Duk wanda ya canza ko da harafi ɗaya, sai an ajiye sunansa da ranar da ɗan bayanin dalilinsa. Akwai wani umarni da idan aka buga, fayil zai buɗe da suna a gefen kowane layi, sunan wanda ya taɓa layin daga ƙarshe. Mutanen sashen suna ce wa umarnin Ɗan Gulma.

Dokar Oga kuwa gajeriya ce. Idan layi ya ba da matsala a tambayi Ɗan Gulma, wanda sunansa ya fito shi zai gyara, ko yana hutu, ko yana asibiti matarsa tana naƙuda. Saboda haka kowa yana tsoron taɓa tsofaffin fayiloli.

Ban da ita. Ita ba ta iya ganin rubutu a hargitse ta wuce. A ƙarshen kowane mako, idan aiki ya lafa, sai ta buɗe wani tsohon fayil ta daidaita layuka, ta matsar da wanda ya karkace, ta goge tsofaffin bayanan da mutane suka bar wa kansu suka manta. Ba ta canza abin da manhajar ke yi, gyara masa zama kawai take yi. Amma Ɗan Gulma ba ya bambanta wanda ya rubuta layi da wanda ya ɗan matsar da shi. Duk inda ta bi, sai sunanta ya rufe na kowa.

Mazan sashen sun gane wannan da wuri. Na sha jin Dogo yana leƙo kansa ta saman allonta.

"Anti, don Allah ki bi ta fayil ɗina da tsintsiyar nan, ya yi ƙura."

"Ƙura ko tsoro? So kake sunanka ya ɓace."

"Haba Anti, ƙane ai a bayan yayarsa yake ɓuya."

"Dubi tsawonka, dubi nawa. Ko rabinka ba zan rufe ba."

A yi dariya, amma kafin a tashi ta share masa. Idan aka kira ta a kan layin da ba ita ta rubuta ba, ba ta musu, takan gyara ta ce duk aikin gida ɗaya ne. Haka aka yi shekaru.

Cikin masu sayen manhajarmu akwai wani babban sito na magunguna mai ɗakunan sanyi. A kowane ɗaki akwai na'urar auna zafi, idan ɗakin ya fara ɗumi sai manhajarmu ta tura saƙo zuwa wayar mai kula da siton. Wani ƙarshen mako wuta ta ɗauke, janaretonsu ya ƙi tashi, na'urar awon ma ta mutu tare da wutar. Ba saƙon da ya je wa kowa. Kafin ma'aikata su dawo wuta ta dawo, ɗakin ya sake yin sanyi, ba wanda ya san an yi komai. Aka raba allurar masu ciwon sukari da ke ciki zuwa wasu ƙananan asibitoci. Daga baya marasa lafiya suka fara kukan allurar ba ta yi musu aiki, har aka kwashi wani dattijo ranga-ranga zuwa babban asibiti. Da aka bi sawu, sai aka iso ɗakin sanyin, daga nan aka iso mu.

Lauyan masu siton ya rubuto cewa hukumar da ke bincike tana son sunan ma'aikacin da ke da alhaki.

Oga ya gano wurin cikin ɗan lokaci. Akwai layi guda da aikinsa shi ne ya ta da ƙararrawa idan na'urar awo ta yi shiru ta daɗe. An kashe layin, yana nan a rubuce amma ba ya aiki. Manajan kamfanin, wanda bai san manhaja ba kamar yadda ban sani ba, ya ji labarin Ɗan Gulma ya ce a buga masa a takarda. Ni aka ba takardar in saka a fayil. Na duba gefenta na hagu, daga sama har ƙasa suna ɗaya ne, na Anti Shara, kamar an buga hatimi.

Na same ta a teburinta tana goge tabarau da bakin mayafinta. Ta goge, ta saka, ta cire, ta sake gogewa.

"Malam Akawu, ka gani?"

"Na gani, Anti."

"Dattijon fa? Yana da rai?"

Na ce mata an ce yana numfashi, ban san fiye da haka ba. Sashen nan da kullum yake cike da hayaniya ya yi tsit. Waɗanda ke roƙonta ta share musu fayil sun sunkuyar da kai a kan allunansu, mai zuwa shan ruwa ma sai ya zagaya ta ɗaya gefen.

Dogo ne kaɗai ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya ce Ɗan Gulma na ƙarshe kawai yake faɗa, amma rumbun yana riƙe da na baya, su koma baya taki-taki har su ga wanda ya kashe layin. Na tsaya a bayansu, don Manaja ya ce in rubuta duk abin da aka gano.

Suka koma taki ɗaya, zuwa yadda fayil ɗin yake kafin sharar da ta yi masa. Layin a kashe yake tun lokacin. Dogo ya buga tebur.

"Kin gani! Ba ke ba ce."

Ita kuwa ta ɗora yatsa a kan allon, a saman layin. Akwai wani ɗan bayani da wani ya bari a wurin: a kunna wannan kafin a kai wa masu sito. A fayil ɗin yanzu babu shi. Yana cikin tsofaffin bayanan da ta goge ranar sharar.

Dogo ya waiwayo ya dube ni, ya rage murya.

"Anti, wannan ba sai an kai wa Manaja ba. Malam Akawu, ai ba ka ga komai ba ko?"

"Kar ka sa bawan Allah cikin abin da ba ruwansa," in ji ta. "Duk wanda ya koma baya zai gani. Rubuta, Malam Akawu. Mu ci gaba."

Suka ƙara komawa baya, suka ƙara, layin yana nan a kashe, har suka iso farkon rumbun, inda babu abin da ke bayansa. Sunan da ke wurin nata ne. Dogo ya riƙe kai. Shekarun baya, da kamfanin ya bar ɗakin saman shagon taya, an buɗe sabon rumbu, kuma ita aka sa ta kwaso duk rubutun daga tsohuwar kwamfuta ta zuba a ciki a rana ɗaya. A idon sabon rumbun, ita ta haifi kowane layi.

Da na kai wa Manaja abin da na rubuta, ya karanta ya ajiye.

"Wato an je neman wanda zai wanke ta, an samo sunanta sau biyu da bayanin da ta goge."

Oga yana zaune a gefe. Ya yi ƙoƙarin bayyana cewa kwaso rubutu daban, rubuta shi daban, amma muryarsa ba ƙarfi, Manaja kuma ya ce shi ba zai je gaban hukuma da tatsuniya ba, takarda za su tambaya.

Da yamma matata ta ce mu leƙa su Anti Shara. Mun tarar da maigidan a tsakar gida da wani agogon bango a cinyarsa, ya buɗe bayansa amma ba abin da yake taɓawa. Ita tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, abincinta a rufe a gefe. Ana cikin gaisawa aka ƙwanƙwasa ƙofar waje da ƙarfi. Ta miƙe zumbur, ta dafe bango, idanunta a waje. Ashe maƙwabci ne ya zo karɓar agogonsa.

Da ya tafi maigidan ya ce, "Malam, ni ban gane ba. Idan na goge wa mutum gilashin agogo, daga baya ya tsaya, ni na ɓata shi?"

"Ba gilashi kawai na goge ba, Baban yara," in ji ta. "Na goge takardar da aka liƙa a jiki cewa a gyara."

"To wa ya liƙa takardar ya tafi ya bar ta?"

"Shi ne ban sani ba."

Ta roƙi matata kada maganar ta kai kunnen 'yarta. Yarinyar tana koyon aiki a asibiti, sunan mahaifiyarta kuma yana cikin takardunta na makaranta. Idan hukuma ta fitar da sunan, a wane ɗakin marasa lafiya za ta tsaya? Sai kuma ta juyo gare ni ta tambaya ko tsohuwar kwamfutar nan tana nan.

Tana nan. Tana cikin sitonmu na ƙarƙashin bene, tsakanin karyayyun kujeru, makullin yana hannuna. Idan ta tashi, tsohon rumbun yana cikinta, da sunayen farko.

Da safe na gaya wa Manaja. Ya yi waya da lauyan kamfaninmu, sannan ya ce ba wanda zai taɓa ta. A gaban kwamiti za a kunna ta, da lauya a zaune, don kada gobe a ce an yi mata wani abu. Ya karɓi makullin daga hannuna ya saka a aljihunsa. Aka sa zaman zuwa mako mai zuwa.

Wannan jiran shi ya fi cin ta. Kullum takan zo a kan lokaci, ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya, don an hana ta shiga rumbun. Idan motar da ba ta sani ba ta tsaya a bakin ƙofa sai ta bi ta da ido har masu ita su wuce. Ta rame, tabaran ya fara zamewa daga hancinta. Matata ta ce ta gaya mata abin da ke hana ta barci ba Manaja ba ne, ba hukuma ba ce.

"A ɗakin nan na sama mu uku ne, kowa yana taɓa komai. Na yi ta tunani har kaina ya yi ciwo, ban tuna ba. In aka kunna aka ga sunana karo na uku fa? Ke nan ni ce tun farko."

Ranar zaman, masinja ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a kan teburin taro, da ƙura da yanar gizo-gizo a bayanta. Manaja yana kan gaba, lauya a damansa, Oga da Dogo a gefe guda, ita kaɗai a ɗaya gefen. Ni ina ƙarshen tebur da biro.

Dogo ya haɗa wayoyi ya danna. Ba abin da ya motsa. Ya cire, ya hura, ya mayar, ya sake dannawa. Fankar cikinta ta yi wani gurnani kamar tsohon babur, allon ya yi haske ya mutu, ya sake yin haske. Anti Shara ta rufe ido, leɓunanta suna motsi.

"Yi sauri kafin ta canza shawara," in ji lauya.

Dogo ya nemo fayil ɗin, ya buga umarnin. Sunaye suka jeru a gefen hagu. Ya gangara a hankali har layin, ya tsaya, ya matsa kusa da allon.

"Karanta mana," in ji Manaja.

"Ofis."

"Wane ne Ofis?"

Oga ya yi gyaran murya ya ce a wancan lokacin kwamfuta ɗaya gare su, ba su damu da buɗe wa kowa sunansa ba, duk wanda ya zauna a kujerar da sunan Ofis yake aiki. Manaja ya jefar da bironsa a kan tebur.

Lauya ya ce, "An gaya mini kowane canji yana da bayanin dalili. Wannan fa?"

Dogo ya buɗe. Ya karanta.

"An rubuta: don wayar Oga ta huta."

Duk muka dubi Oga. Zufa ta keto masa a goshi duk da sanyin ɗakin. Yana kallon allon ya yi magana kamar mai yi wa kansa.

"Lokacin gwaji ne. Ba mu da na'urar awo a ofis, manhajar tana ganin shiru sai ta yi ta turo mini saƙo. Lambata muka saka. Wuni guda wayata ba ta huta ba." Ya share goshinsa. "Na ce wani ya kashe mini abin nan. Ni na ce."

"Wa ka ce wa?" in ji Manaja.

"Ban juya ba ma. Ina waya ne da wani."

Manaja ya dubi Dogo. Dogo ya ce wallahi yana iya zama shi, irin maganarsa ce, shi ne mai tsokanar Oga. Manaja ya dubi Anti Shara. Na yi zaton za ta yi shiru, don ƙofa ta buɗe mata. Amma sai ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, yana iya zama ni. Bayanin da aka bari a saman layin, a kunna kafin a kai, irin rubutuna ne. Dogo ba ya barin bayani."

"Anti!" in ji Dogo.

"Gaskiya ce ai. Ba ka bari."

Manaja ya juya ga lauya ya ce to yanzu sunan wa za a tura. Lauyan ya tattara takardunsa, ya ce shi ba zai sa hannu a kan sunan kowa ba. Wanda ya ba da umarni ya faɗa da bakinsa, wanda ya aiwatar ba a san shi ba, kamfani kuma ya sayar da manhaja ba tare da wani ya gwada ƙararrawar ba. Idan aka tura sunan matar nan, lauyan wancan gefen zai nemi wannan kwamfutar, kuma abin da zai biyo baya ya fi muni. Sunan kamfani za a rubuta.

Manaja ya yi ta jujjuya maganar har aka kusa tashi daga aiki, amma a ƙarshe haka ya sa na rubuta. Oga ya sauka daga shugabancin sashen. Ita aka ba ta takardar gargaɗi a kan bayanin da ta goge, ni na buga ta, ta sa hannu.

Da kowa ya watse ta kasa tashi daga kujerar. Na kira maigidan a waya, ya rufe rumfarsa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin taron da hularsa a hannu.

"An tura?" ya tambaya.

"Ba a tura ba, Baban yara."

Ya ce alhamdu lillahi, ya zo ya kama hannunta. Dogo yana naɗe wayoyin tsohuwar kwamfutar. A ranar ne labari ya zo cewa dattijon ya farfaɗo, har ya sha ruwa da hannunsa, kuma Dogo ya faɗa mata don ta saki ranta. Ta gyaɗa kai, ta miƙe da ƙyar tana dafe da kafaɗar mijinta. Sun kai bakin ƙofa ta tsaya ta waiwayo.

"Dogo, tsakaninka da Allah. Kai ne ko ni ce?"

Ya ajiye wayoyin, ya dube ta.

"Anti, da na sani da na faɗa tun a gaban lauya. Wallahi ban sani ba."

Tana nan a kamfanin har yanzu, a teburinta na kusurwa. Da kanta ta nemi a mayar da ita ɓangaren gwaji. Duk manhajar da za ta fita zuwa wani sito, sai ta zare wayar na'urar awo da hannunta, ta ajiye wayarta a kan tebur, ta zuba mata ido. Ba ta magana da kowa, ba ta amsa sallama, har sai saƙon ya shigo.